Idan aikin ƙashi ya yi ruwa: wa ke riƙe da majinyacin Dakoro?

A Dakoro ba a sauya wa mutum ƙugu ko gwiwa. Asibitin gunduma an shirya shi ne don haihuwar da ta gardama, da kaba, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa ta kayar. Amma a garin da karkararsa, daga Kornaka zuwa kwarin Tarka, akwai mutanen da ke yawo da ƙarfe a jikinsu. Wasu kabu-kabu ya kayar, cinya ta karye, aka sa musu doguwar ƙusa ko faranti a Maraɗi ko a Galmi. Wasu tsofaffi ne da suka zame, ƙashin ƙugu ya ɓalle. Wasu kuma samari ne da 'yan mata masu sikila, wadda a Nijar aka fi sani da emasi, waɗanda jini ya daina isa kan ƙashin cinyarsu har ya mutu ya lotse. Dangi suka sayar da abin da za su sayar, aka kai su Yamai, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko Tunisiya, ko Indiya, aka cire mataccen ƙashin aka sa gaɓar ƙarfe da roba. Dukkansu gida suke dawowa, likitan da ya yi aikin kuwa yana can inda aka baro shi.

Yawancinsu lafiya lau suke warkewa, kuma wanda ya shekara biyar yana jan ƙafa shi ya san darajar wannan aiki. Sai dai ko a ƙasashen da suka fi kowa kayan aiki, cikin mutum 100 da aka sauya wa ƙugu ko gwiwa karon farko, ana samun 1 zuwa 2 da ƙwayoyin cuta ke kama wurin. Ga mai emasi, ko mai ciwon suga, ko wanda ƙashinsa ya huda fata ya fito tun a wurin haɗari, abin ya fi haka yawa. Wanda ya faɗa cikin wannan adadi yakan yi shekaru yana fama, a yi masa aiki biyu ko uku, wani ya rasa ƙafar, wani ya rasa ransa.

Wuyar al'amarin daga ƙarfen kansa take. Tsoka da ƙashi mai rai jini na ratsa su, kuma jinin ne ke kai garkuwar jiki da magani inda ake bukata. Ƙarfe ba jini a cikinsa. Idan ƙwayar cuta ta samu ta manne masa, cikin 'yan kwanaki sai ta fitar da wani yauƙi ta lulluɓe kanta, ta lafa, ta rage hayayyafa. Mafi yawan magungunan antibiyotik kuwa ƙwayar da ke hayayyafa suke iya kashewa. Kamar gansakukar da ke kama cikin randa ce: ko sau nawa aka zubar da ruwan aka zuba sabo, tana nan, sai an sa hannu an kankare, wani lokacin ma sai an sake randar. Tun a 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, suka nuna cewa zaren ɗinki guda ɗaya a cikin fata yana rage yawan ƙwayoyin da ake bukata kafin ƙurji ya tashi har sau dubu goma. A 1982 Werner Zimmerli da abokan aikinsa a Suwizalan suka gwada a jikin dabba, suka ga cewa idan akwai baƙon abu a jiki, ƙwayoyi 100 kacal sun isa su kafa ciwo. Fiye da rabin waɗannan ciwuka dangin ƙwayar stafilokok ne ke haddasa su, wadda ke zaune a fatar mutane da hancinsu, ita ce kuma ke kawo maruru.

John Charnley, likitan Ingila da ya fito da ƙugun zamani a asibitin Wrightington a 1962, ya ɗanɗana wannan tun da fari. Kusan mutum 9 cikin 100 na majinyatansa na farko aikinsu ya yi ruwa. Sai da ya nemo injiniyoyin tace iska suka gina masa ɗakin fiɗa na musamman, ya sauya irin tufafin da ma'aikata ke sawa, sannan adadin ya sauko zuwa kusan 1 cikin 100. A Hamburg ta Jamus, wajen 1970, Hans Buchholz ya fara cuɗa antibiyotik a cikin simintin da ake kafa gaɓar da shi. Wato tun ran gini, wannan aiki bai taɓa zama na mai wuƙa shi kaɗai ba.

Idan ciwon ya riga ya kama kuwa, tambayoyin da ke tasowa sun fi ƙarfin ilimin mutum ɗaya. Likitan ƙashi ya san ko ƙarfen na nan daram ko ya fara girgiɗi, ya san yadda zai buɗe ya yanke ruɓaɓɓen nama. Sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta kuwa sai mai ɗakin awo. Wane magani ne ke ratsa ƙashi, nawa za a ba, har tsawon wane lokaci, wannan na likitan cututtuka masu yaɗuwa ne da mai farmasi. Idan an yanke nama da yawa har rami ya ƙi rufuwa, sai an samo likitan da ke ɗauko tsoka da fata daga wani sashe ya rufe. Mai emasi na bukatar wanda ya san jininsa, don maganin barci da sanyin ɗakin fiɗa da zubar jini kowanne na iya tayar masa da ciwo. Bayan duk wannan ga mai koya wa majinyaci taka ƙafa, ga malamin asibitin da zai riƙa wanke miki kullum. A birnin Oxford an buɗe sashe guda don ciwon ƙashi kawai tun shekarun 1990. Faransa ta wuce nan: a 2008 gwamnati ta ware wasu manyan asibitoci ta naɗa su cibiyoyin ciwon ƙashi da gaɓa mai wuya, ta kuma shar'anta cewa duk majinyaci mai irin wannan matsala sai an zauna a kansa, likitan ƙashi da likitan cututtuka da masanin ƙwayoyin cuta a teburi ɗaya, a rubuta shawarar da aka yanke. Likitocin Nijar da dama sun san wannan tsari, don da Faransanci suka yi karatu, wasu ma can suka ƙaro ilimi.

To, mu dawo gida mu ga yadda abin ke tafiya. An sallamo mutum, ya yi tafiyar kilomita wajen 120 daga Maraɗi zuwa Dakoro, daga nan ya hau babur ko amalanke zuwa ƙauyensu. Bayan kwana goma ɗinkin ya ƙi bushewa, wani ruwa-ruwa na tsattsafowa. Aka sayo masa kafso wajen mai tallan magani ran kasuwa, ya sha kwana huɗu, ruwan ya tsaya, kowa ya ce alhamdu lillahi. Bayan wata biyu wurin ya kumbura. A ƙaramin asibitin CSI aka yi masa allurar seftiriyazon kwana biyar, ya sake lafawa. Da ya sake tasowa aka kira wanzami ya yi sakiya, mugunya ta fita, ya samu barci. Daga nan ƙofar ba ta sake rufuwa ba. Sai bayan wata bakwai ko takwas, da ƙafar ta ƙi takuwa, aka koma wajen likitan ƙashi. Babu ko mutum ɗaya a wannan jerin da ya yi da mugun nufi. Kowa ya yi abin da ya sani, kuma kowa ya ga sauƙi da idonsa bayan abin da ya yi. Amma abu biyu masu tsada sun salwanta a hanya.

Na farko lokaci. Idan aka gane ciwon cikin kusan mako huɗu bayan aiki, ko cikin mako uku da fara alamun ga wanda ya daɗe da warkewa, yauƙin bai gama kafuwa ba. Ana iya buɗewa a wanke sosai, a sauya sassan robar da ke cirewa, a bar ƙarfen a wurinsa, a bi da magani. Aiki ɗaya ke nan, kuma da yawa suna warkewa a haka. Idan wannan ƙofa ta rufe, sai an cire gaɓar ɗungurungum. A wasu cibiyoyi ana cirewa a sa sabuwa rana ɗaya. Abin da aka fi yi shi ne a cire, a cika gurbin da siminti mai magani, a yi makonni ana ba da antibiyotik, sannan a sake buɗewa a sa sabuwar gaɓa. Aiki biyu, gaɓa biyu, ƙarin jini, watanni a kwance nesa da gida. Iyalin da suka sayar da shanu don aikin farko, me za su sayar don na biyu da na uku?

Na biyu sunan ƙwayar. Kafson da aka sha bai kashe ta ba, ya dai sa ta ɓuya, ta yadda idan aka ɗebi nama aka shuka a ɗakin awo ba abin da zai tsiro. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a tsayar da duk wani antibiyotik mako biyu kafin a ɗauki samfuri, a ɗebo nama daga wurare 3 zuwa 5 a can ciki kusa da ƙarfen, kowanne da kayan aikinsa daban, a kuma bar shukar har kwana 14, don wasu ƙwayoyin a hankali suke fitowa. Goga auduga a bakin miki a kai labo ɓata kuɗi ne, ƙwayoyin fata kawai zai nuna, ya ɓatar da likita. Ita kuwa ƙofar da ke tsiyayar mugunya daga kan gaɓar ƙarfe, ita kaɗai ta isa hujja cewa ciwon ya kai ciki, ko da mutum ba ya zazzaɓi, ko da hoto bai nuna komai ba.

Wani zai ce, to a ba shi magani mai ƙarfi mana, a huta da awo. A yankin Maraɗi wannan caca ce. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda aka yi a wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, ya samu cewa kusan kashi 31 cikin 100 na yaran sun zo ne tun daga gida ɗauke da ƙwayoyin hanji masu karya magungunan dangin seftiriyazon, kuma cikin waɗanda suka zo babu su aka kuma sake aunawa ran sallama, kashi 94 sun ɗauka kafin su fita. Yara ne, kuma hanji aka auna, amma a ƙasa ɗaya muke zaune da waɗannan ƙwayoyi, ruwa ɗaya muke sha. Babban nazarin duniya da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Ga mai emasi akwai ƙarin dalili: ƙwayar salmonela, dangin mai kawo taifot, tana yawan kama ƙashinsa, kuma maganinta daban da na stafilokok. Haka tarin fuka na iya cin ƙugu ya yi kama da kowane ciwo.

Maganar tarin fuka ta kawo mu ga rifampisin. Shi ne maganin da aka tabbatar, tun gwajin da Zimmerli ya buga a 1998, yana ratsa yauƙin stafilokok a jikin ƙarfe. Amma idan aka ba da shi shi kaɗai, cikin ɗan lokaci ƙwayar ke gagararsa. Yana rage ƙarfin wasu magunguna da mutum ke sha, har da ƙwayoyin tazarar haihuwa da wasu magungunan sida. Kuma shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka a Nijar, don haka wanda ya sha shi barkatai alhali yana da tarin da ba a gano ba ya jawo wa kansa da gidansa tarin da ba ya jin magani. Irin wannan shawara ba ta kamata ta fito daga bakin mutum ɗaya a tsaye a bakin gado ba.

Akwai labari mai daɗi, kuma mutanen karkara ya fi amfana. An daɗe ana ganin dole sai majinyaci ya yi mako shida ana ɗura masa magani ta jijiya. A 2019 aka buga sakamakon gwajin OVIVA, wanda aka yi a Birtaniya kan mutum 1,054 masu ciwon ƙashi da gaɓa, aka ga cewa waɗanda aka mayar kan ƙwayoyin haɗiya da wuri sun warke daidai da masu allura, matuƙar ƙwararre ne ya zaɓi maganin bisa awo. A 2021 kuma gwajin DATIPO na Faransa, kan mutum 410 masu gaɓar ƙarfe, ya nuna cewa ciwon ya dawo wa kashi 18 cikin 100 na waɗanda suka sha magani mako 6, amma kashi 9 kawai cikin waɗanda suka sha mako 12. Ma'anar wannan ga ɗan Sakabal ko Birnin Lalle ita ce, bayan aiki da 'yan kwanakin allura yana iya komawa gida ya ƙarasa jinyarsa cikin iyalinsa. Sai dai wata uku ne cur, ba fashi, kuma sai da wanda zai riƙa duba shi: ko yana sha, ko maganin na taɓa masa ƙoda ko hanta, ko mikin ya bushe, ko awon kumburi na jini yana sauka. Wannan mutum a Dakoro yake, ko a CSI mafi kusa.

A nan ne nake ganin ake kuskuren fahimtar aikin ƙungiya. Ana ɗauka sai an tara ƙwararru bakwai a gini ɗaya, tunda kuwa ba mu da su, sai a ce abin na Turai ne. Ni a ganina abin da ya sa tsarin Faransa ya yi aiki abu uku ne da ba su da tsada: akwai wanda aka san shi ke riƙe da majinyacin, akwai takarda ɗaya da kowa ke rubutu a ciki, akwai ranar da ake zama a yi magana. Maraɗi na da asibitin jiha da asibitin referans, tana da sashen koyon likitanci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, cibiyar bincike ta Epicentre ma na garin. Ba abin da zai hana likitan ƙashi da mai labo da mai farmasi su ware awa ɗaya a mako, likitan gundumar Dakoro ya shigo ta waya, ya turo hoton miki da na ƙashi ta WhatsApp da izinin mai shi. Mutanen Dakoro sun ma ga irin wannan sarƙa da idonsu. Tun yunwar 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar tamowa a garin, aka koyi yadda ake auna damtsen yaro a ƙauye, a tura shi CSI, idan ya yi tsanani a wuce da shi asibitin gunduma, a dawo da shi gida da kati ana bibiyarsa mako-mako. Masu ƙarfe a jiki ba su kai yaran tamowa yawa ba ko kusa, lissafinsu a gunduma ɗaya littafi ɗaya zai ɗauke shi.

A wannan sarƙa majon CSI, wato shugaban ma'aikatan wurin, shi ne mutum na farko, kuma aikinsa mafi wuya shi ne ya riƙe hannunsa. Majinyaci ya zo daga nesa, danginsa na tsaye, kowa na jiran a rubuta ordonansi, kuma ma'aikacin da bai ba da allura ba ana yi masa kallon wanda bai san aiki ba. Duk da haka, idan mai ƙarfe a jiki ya zo da ɗinkin da ya wuce mako yana tsiyaya, ko ja da zafi a kan gaɓar, ko ciwon da ya dawo bayan an samu sauƙi, daidai shi ne a rufe mikin da bandeji mai tsabta, a ba da maganin zogi, a kira likitan ƙashi a ranar. Togaciya ɗaya ce: wanda zazzaɓi ya rufe, yana rawar ɗari, hankalinsa ya fara gushewa, wannan ciwon ya shiga jini, a ba shi antibiyotik nan take a sa shi a mota. Maɗora da wanzamai ma bai kamata a bar su a waje ba, don su jama'a suka fi zuwa wa, kuma da yawansu sun san iyakar sana'arsu. Abin da ake roƙonsu kaɗan ne: inda aka sa ƙarfe, kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a yi sakiya, a ce wa mai shi ya koma asibiti.

Sai maganar kuɗi, wadda ba a son yi a gaban majinyaci alhali ita ke yanke hukunci. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu fiɗar haihuwa kuɗin asibiti. Magidancin da ƙugunsa ya yi ruwa ba ya cikin wannan rangwame. Don haka dole ƙungiyar masu jinyarsa ta zauna da shi da waɗanda za su biya, a faɗa musu gaskiyar zaɓin da ke akwai. Akwai tsohon aikin da ke ɗauke da sunan Girdlestone, likitan Oxford da ya yi shi tun zamanin da ba antibiyotik don masu tarin ƙugu: a cire gaɓar, a wanke, a bar gurbin ya cike da nama ba tare da an sa sabuwa ba. Ƙafar za ta gajarce, mutum zai yi ɗingishi da sanda, amma galibi mugunya na tsayawa, zogi ya ragu, yana iya zama ya yi salla. Gwiwa kuma ana iya haɗe ƙasusuwanta ta sandare a miƙe. Ga tsohon da jikinsa ba zai ɗauki wani aiki ba, ana iya barinsa kan magani na dogon lokaci don a danne ciwon. Ba na ganin ɗaya daga cikin waɗannan a matsayin gazawa, idan an zaɓe shi da sani. Abin da ke karya gida shi ne a fara aiki mai hawa biyu da kuɗin hawa ɗaya, mutum ya zauna shekara da siminti a ƙugu yana jiran abin da ba zai zo ba.

Waɗanda ake yi wa aiki a ƙetare nasu ya fi tsanani, don likitansu na bayan iyaka. An ga haka ƙarara lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, hanyar Kano da Katsina ta yi wuya. Saboda haka wanda ke shirin tafiya ya gyara abin da zai iya tun a gida: a daidaita suga, a cire ruɓaɓɓen haƙori, a warkar da maruru da gyambo da ciwon fitsari, a bar taba, mai emasi ya ga likitan jininsa. Ƙwayar da ta shiga jini daga ƙurji ko haƙori na iya sauka a kan ƙarfe ko bayan shekara goma. Kada kuma ya baro asibitin sai da takardar da ta faɗi ranar aikin, da irin gaɓar da aka sa da lambarta, da magungunan da aka ba shi, da lambar wayar da za a kira a samu likita. Idan ya iso, kafin 'yan barka su watse, ya kai wannan takarda asibitin Dakoro a buɗe masa shafi, ya kuma nemi sunan ma'aikacin da zai kira ranar da ya ga ɗigon ruwa a kan bandeji.